Jos ko Abuja: ina za ka kai iyali hutun kwana huɗu?

Ana saura mako biyu Sallah ɗan ƙanwar mahaifiyata da ke zaune a Kano ya kira ni. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Yaya, na samu hutun kwana huɗu, ina so in fita da maman yara da yaran su ga wani gari. Jos za mu nufa ko Abuja?" Ya san inda ya kawo tambayarsa. A Jos aka yanke mini cibiya, a Gangare na yi ƙuruciya, yau kuma shekara 11 ke nan ina neman abinci a Abuja. Na ce masa ya ba ni dare ɗaya in yi tunani, domin amsar ta fi ƙarfin katin waya. Abin da na shirya masa shi ne nake so in shimfiɗa a nan, ko wani ma zai amfana.

Abu na farko da ya raba garuruwan nan biyu iska ce. Jos tana bisa tsauni, kimanin mita 1,200 sama da teku, Abuja kuwa ko rabin haka ba ta kai ba. Wannan bambancin shi ke yanke hukunci a kan yadda yininka zai kasance. A Jos kana iya fita da ƙarfe 11 na safe ka taka da ƙafa daga Masallacin Juma'a zuwa Taminus ka dawo, rigarka ba ta jiƙe ba. A Abuja, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, tsakanin hantsi da la'asar babu mai marmarin waje, kowa na neman inuwa ko ɗaki mai na'urar sanyaya wuri. Saboda haka yawon Abuja na safiya ne da yamma, na Jos kuwa yini guda ne cur. Sai dai sanyin Jos ba abin wasa ba ne. A Disamba da Janairu ruwan randa kan yi kamar an ciro shi daga firij, a Yuli da Agusta kuma ruwan sama na iya kwana ya yini, wani lokaci har da ƙanƙara. Mutumin Kano da ya taho da yara babu rigunan sanyi, daren farko zai gane kurensa.

Abu na biyu ƙafa ce da mota. An zana Abuja a takarda kafin a gina ta. A 1976, zamanin Janar Murtala, aka yanke shawarar sabon babban birni, gwamnati kuma ba ta tare ba sai 12 ga Disamba 1991. Waɗanda suka zana ta sun yi ta ne don mai mota: tituna masu faɗi, unguwanni nesa da juna, gadoji sama da ƙasa. An hana acaɓa a tsakiyar birni tun 2006, keke Napep ma ba ko'ina yake shiga ba. In ba ka zo da motarka ba, kuɗin tasi kaɗai zai cinye rabin guzurinka. Jos kuwa tsiro ta yi a kan kuza. Turawa suka buɗe ramukan haƙa a farkon ƙarni na 20, leburori da fatake da mahauta da maɗinka suka biyo, gari ya yi ta haɗuwa gida kusa da gida, shago jikin shago. Har gobe tsakiyar Jos wurin mai tafiya a ƙasa ne, in ya gaji ya tsayar da keke.

In aka zo maganar wurin shan iska da yara, dole in ba Abuja haƙƙinta. Millennium Park da ke Maitama ba ta da tamka a Jos. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ce ta buɗe wurin a watan Disamba 2003, lokacin da ta zo taron ƙasashe rainon Ingila, wani ɗan Italiya mai suna Manfredi Nicoletti ne ya tsara shi, faɗinsa kuwa ya kai kadada 32. Rafi ya ratsa ta tsakiya ya raba filin biyu, ɓangare ɗaya an shirya shi da hanyoyi da maɓuɓɓugan ruwa, ɗayan an bar bishiyoyi yadda Allah ya tsiro da su. Je ka ranar Lahadi bayan la'asar ka ga ikon Allah. Kowane gindin bishiya da tabarma ko darduma, kuloli a jere, wata uwa tana zuba wa yara shinkafa dafa-duka a faranti ɗaya, can ga amarya da ango mai hoto yana ce musu su ɗan matso, ga yara suna bin ƙwallo a kan ciyawa babu mai tsoron mota za ta kaɗe su. Na taɓa ganin wani dattijo ya shimfiɗa rawaninsa a ciyawa ya ja mutum shida sallar la'asar, ba wanda ya san wani a cikinsu. Ga mai ƙananan yara, wannan sakewar ita ce babbar riba: ka zauna wuri ɗaya, idonka na kansu, su yi ta gudu har su gaji. Ku riƙo abincinku daga masauki, kuma ku tattara kafin duhu, ba wurin dare ba ne.

Tafkin Jabi daban yake. Tafki ne da ɗan Adam ya samar, ba na asali ba, amma iskar bakinsa da yamma tana wanke gajiya. Akwai kwale-kwale, akwai dawakin haya da ake ɗora yara a zagaya da su, ranar Asabar da sassafe kuma wurin na masu motsa jiki ne. A gefensa akwai katafaren rukunin kantunan nan da aka buɗe a 2015, inda za a fake in rana ta yi zafi, sai dai aljihu ne zai ji a jikinsa. Akwai kuma gidan namun daji da filin wasan yara a Asokoro, a gindin Dutsen Aso, da wurin lilo da jirgin wasa kusa da babban filin wasa na ƙasa. Dukkansu sai da mota, kuma ban da Millennium, kusan ko'ina hannu na shiga aljihu tun daga ƙofa.

Jos ba ta da shimfiɗaɗɗiyar ciyawa irin wannan. Abin da take da shi ya fi kama hankalin wanda ya fara wayo. Gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, yana tsakiyar gari, ƙafa ma tana kai mutum daga titin Ahmadu Bello. A nan ake ajiye da kawunan yumɓu na Nok, waɗanda shekarunsu suka haura 2,000, kuma masu haƙar kuza ne suka fara tono su. Akwai zauren tukwane daga sassan ƙasar nan, akwai tsofaffin kawunan jirgin ƙasa, abin tunawa da siririn layin dogon da ya haɗa Zariya da Jos har aka rufe shi a 1957. Gidan zu na nan maƙwabtaka. Amma abin da nake so kowane Bahaushe ya gani yana can ciki kaɗan, wato filin gine-ginen gargajiya. An kwaikwayi ganuwar Kano da ƙasa, an kuma kwaikwayi tsohon Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19. Ranar da na kai babban ɗana, muna shiga sai ya yi shiru. Ya ɗaga kai yana bin bakan gizon da ido har inda suka haɗu a sama, ya sa tafin hannu a jikin ginshiƙi ya ji sanyinsa, sannan ya ce, "Baba, babu siminti a ciki?" Na ce babu, ƙasa ce da azara da gwanintar hannu. Ya daɗe bai ce komai ba. Yaron da ya tashi yana ganin bulo da kwano kaɗai, ranar ya san kakanninsa magina ne. Duk kuɗin da na kashe masa a wuraren lilon Abuja ban taɓa ganin wannan kallon a fuskarsa ba.

Daga nan sai wajen gari. Gandun namun daji na Jos, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, ya kai murabba'in kilomita 8, daji ne sosai mai duwatsu da bishiyoyi, ba keji a jere kawai ba, don haka a sa takalmin da zai jure tafiya. Duwatsun Shere na gabas da gari, ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, matasa masu ƙarfin gwiwa ne ke jin daɗinsu, kuma ba a hawa sai da ɗan gari. A Rayfield akwai tafki mai kyan gani da wurin zama a bakinsa. A nan zan ja kunne: yawancin tafkunan da ke kewayen Jos tsofaffin ramukan kuza ne da ruwa ya cika. Samansu lumui, amma zurfinsu ba ya farawa a hankali kamar na kogi, daga baki sai rami. Kada a bar yaro ya matsa, kada babba ya ce zai gwada iyo. Mu da muka tashi a garin mun san gidajen da aka yi zaman makoki saboda su. Gaskiya kuma ita ce wasu daga wuraren shaƙatawar Jos shekaru sun nuna a jikinsu, fenti ya koɗe, benci ya karye. Wanda ƙyalli yake nema, ransa zai ɗan sosu.

Sai batun bayan magariba, wanda mutane ke jin nauyin tambaya. A Abuja abin da ake kira lambu ya cika gari, kusan kowace unguwa da nata: fili ne mai bishiyoyi, kujerun roba, mai gasa kifi, mai tsire, talabijin ana kallon ƙwallo. Abin da baƙo bai sani ba shi ne mafi yawansu mashaya ce a buɗe. Farkon zuwana na ɗauki wani baƙo mai mutunci, abokin mahaifina, na kai shi ɗaya daga cikinsu saboda an yaba mini kifin wurin. Muna zama na ga kwalabe a teburin dama da na hagu, kiɗa kuma ya tashi. Dattijon bai ce uffan ba, ya dai ce, "Ɗana, a naɗe mana kifin mu ci a gida." Nauyin wannan daren bai bar ni ba har yau. Tun daga ranar ba na kai kowa wuri sai na fara leƙawa ni kaɗai. Akwai wuraren da ba a sayar da giya sam, masu shayin Larabawa da gasasshen nama da darduma a ƙasa, musamman a Wuse 2 da Gwarimpa, amma sai an tambaya. Ka kuma tambayi kuɗin kifi kafin a ɗora shi a wuta, ba bayan an ci ba.

A Jos abin a rarrabe yake, kuma wannan sauƙi ne ga baƙo. Mai neman mashaya da kiɗa ya san hanyar West of Mines da wasu sassan Rayfield, masu burkutu ma da unguwanninsu. Wanda ba ruwansa da wannan ba zai yi tuntuɓe da shi a titin Bauchi ko Dilimi ko kewayen Masallacin Juma'a ba. Namu wurin hirar teburin mai shayi ne, kuma ban ga garin da shayi ke da daraja kamar Jos ba, domin sanyi ne ke sa masa gishiri. Ka zauna a benci bayan isha'i, hannu cikin aljihun rigar sanyi, tururi na tashi daga butar da ta sha hayaƙi. Mai shayi ya ɗaga kofi sama ya tsiyayo cikin wani, ya mayar, ya sake, har kumfa ta taso, ya yanka burodi ya shafa bota, ƙwai na soyuwa da albasa da attaruhu a gefe. Kafin ka shanye haɗin kaurinka ka ji farashin dankali a Bokkos, ka ji wanda ya ci ƙwallo, ka ji siyasar jiha kaf. Na kusa da kai zai tambaye ka daga ina, in ka ce Kano, sai ya ce yana da ɗan'uwa a Fagge. Kuɗin da za ka biya bai kai na ruwan roba biyu a wasu wuraren Maitama ba. Illa dai wannan zama na maza ne. Maman yara ba za ta samu irinsa ba, a nan kuwa Abuja ta fi, don wuraren da iyali za su zauna tare da dare su ci abinci cikin natsuwa sun fi yawa a can.

A kan shaguna zuciyata ta karkata, ba zan ɓoye ba. A Abuja kuɗin haya ne ke zaune a cikin kowane farashi. Ƙananan shagunan da ke filazozin Wuse 2, masu abaya da turare da takalma, kayansu na da kyau, da yawa ma matan Arewa ne suka buɗe su bayan sun fara sayarwa ta Instagram, amma kana biyan kaya kana biyan bene. Inda ake ciniki na gaske kasuwar Wuse ce: atamfa, leshi, shadda, gwal, turaren wuta, da teloli a sama suna ta taka keke. Hausa na ci a can kamar kana Kwari. Sai masu kilishi na Area 1, waɗanda tun kana fakin za su tarbe ka kowa da ɗan yanki a hannu yana cewa, "Alhaji, ɗanɗana wannan." Ɗanɗana uku ko huɗu kafin ka tsaya, kuma ka ce a yanka maka daga wanda ka ɗanɗana ɗin. Mai son tukwane ya fita zuwa Ushafa ta hanyar Bwari, ƙauyen da Bill Clinton ya ziyarta a 2000, inda mata ke ginin tukunya da hannu irin sana'ar da ta ɗaukaka Ladi Kwali har hotonta ya hau takardar Naira 20.

A Jos kuwa mai shago yana da lokacinka. Babbar kasuwar Taminus, wadda a da ake alfahari da ita a Afirka ta Yamma, ta ƙone a Fabrairu 2002, kuma wannan tabon bai warke a zuciyar 'yan garin ba. Na san iyalan da arzikinsu ya tafi a daren. Amma ciniki bai mutu ba, ya bazu ne cikin titunan kewaye, teburi da rumfa da ƙaramin shago. A nan da kasuwar Katako za ka samu gwanjon rigunan sanyi da barguna masu kauri da sauƙin kuɗi, shi ya sa nake ce wa baƙi kada su sayi rigar sanyi a Kano, su bari su iso, su saya kafin daren farko. A Naraguta akwai dukawa masu jaka da takalmi da fulon fata, kana tsaye ana yanka ana ɗinkawa, in ka ce a rage maɗauri a rage maka nan take. Sai Farin Gada, kasuwar kayan gwari, wadda nake so maman yara ta gani da safe. Kabeji tuli-tuli kamar an gina ɗaki, karas da jar ƙasa a jikinsa, latas, koren wake, kokwamba, tumatir kwando-kwando ana loda wa manyan motoci zuwa Kudu. Yawancin abin da ake sayar mana da tsada a Abuja daga nan ya taso, ko daga gonakin Mangu da Bokkos da Vom. Da rani ana samun sitiroberi, 'ya'yan itacen da yara suka saba gani a hoton kwalin alawa kawai. A nemi acca kuma, a sa wata 'yar gari ta nuna yadda ake gwatenta da ganye da yalo.

Ba zan rufe ido a kan abin da ke ran kowa ba. Jos ta ga tashin hankali a 2001 da 2008 da 2010, kuma abin ya bar unguwanni a rabe, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Da rana kasuwa na haɗa kowa, Birom da Bahaushe da Ibo da Anaguta da Afizere ana ciniki da Hausa, domin ita ce harshen titi a garin. Amma baƙo ya sauka a unguwar da ya san mutane, ya saurari labarai kafin ya taso, ya bi shawarar mai masaukinsa a kan inda za a je da lokacin dawowa, kuma kada ya yi tafiyar dare a hanyoyin wajen gari. Abuja ma ba aljanna ba ce. 'Yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, sun sa ba a shiga kowace tasi a bakin titi, musamman da duhu. A kira mota ta manhajar waya ko a shiga a tasha.

Washegari na kira shi na ce, "Ƙanina, shekarun yaranka nawa?" Ya ce babbar 11, mai bi mata 9, sai na goye. Na ce da dukkansu ƙanana ne, ko da za ka taho da Inna wadda gwiwa ke damu kuma ba ta son sanyi, da Abuja zan ce, ku sauka a gidana, kullum da yamma mu shimfiɗa tabarma a Millennium. Haka ma da a ce maman yara sayayyar biki ce a ranta, ko kuma hutun ya faɗo tsakiyar Agusta lokacin da ruwa ke hana fita a Jos. Amma yara biyu da suka isa tambaya, ga guzuri daidai wa daida, ga ku kun fito daga zafin Kano kuna neman iska, Jos ta fi muku. Kwana ɗaya gidan tarihi da gine-ginen gargajiya, kwana ɗaya gandun daji da Rayfield, safiya ɗaya Farin Gada da Naraguta, sauran lokacin ku bar shi babu tsari, ku taka cikin gari kawai.

Ya ce to ni fa, ba za a gan ni ba ke nan? Na ce ranar ta biyu zan taso daga Abuja da asuba, ta Keffi da Akwanga, tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce in hanya ta yi kyau. Zan tsaya a Hawan Kibo in sayi ayaba, in kira su su same ni a ƙofar gidan tarihi. Na kuma ce ya bar wuri a but ɗin motarsa, don buhun dankalin Inna ni zan saya, shi zai kai.